Na buɗe takardar da aka turo mini ta imel, kwamfutata ta rikice

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Kabuga, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. An turo mini imel da wata takarda wai ta biyan kuɗi, na buɗe. Tun daga ranar kwamfutar ta yi nauyi, kuma duk filashin da ɗalibi ya kawo sai fayilolinsa su koma shotkot. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya kiyaye gaba. Kafin komai, raba kwamfutar da intanet, ka daina saka filashin kowa, domin kowane ɗalibi da ya fita daga shagonka tafiya yake da cutar. Sannan ka canza kalmar sirrin imel ɗinka da ta banki, amma ta wayarka, ba ta wannan kwamfutar ba.

Kada ka yarda a yi wa filashin nan fomat. Irin wannan bairos yawanci ɓoye fayiloli yake yi, ba ya goge su, kuma mai gyaran da ya san aikinsa zai fito da su. Na sha ganin ɗalibin da ya rasa furojet ɗinsa saboda gaggawar fomat, abin yana ci mini rai.

Abin da ya cuce ka shi ne wutsiyar sunan fayil. Windows tana ɓoye ta, sai ka ga "rasit.pdf", alhali cikakken sunan "rasit.pdf.exe" ne, wato manhaja ce aka yi wa rigar takarda. Dabarar tsohuwa ce. Da ita bairos ɗin ILOVEYOU ya bazu daga Filifin a watan Mayun 2000, ya shiga miliyoyin kwamfutoci. Shiga File Explorer, inda ake duba fayiloli a Windows, ka kunna nuna wutsiyar fayil. Duk abin da ya ƙare da exe, vbs, js ko scr, kada ka taɓa. Takardar Word ko Excel da ta ce ka danna "Enable Content" ita ma ka rufe ta. Ko sunan wanda ka sani ne a kan saƙon, kira shi ka tambaya, domin ana sace akwatin imel ɗin mutum a yi aike da sunansa.

Ba sai ka sayi antibairos mai tsada ba. Microsoft Defender da ke cikin Windows ya wadatar, muddin kana sabunta shi. Na san tsadar data ke sa mutanenmu kashe sabuntawa, amma bairos ɗin WannaCry da ya afka wa ƙasashe kusan 150 a 2017, har da asibitocin Birtaniya, ta wata kafa ya shiga wadda Microsoft ta toshe wata biyu kafin nan. Waɗanda ba su sabunta ba su ya kama.

In Windows 7 kake amfani da ita, tun Janairun 2020 aka daina kula da ita. Ka kwashe muhimman takardunka a faifai na daban, a sa maka sabuwar Windows ta asali, ka tsaya a kai kada a zuba maka manhajojin sata, domin sau da yawa da cutar suke zuwa.