Amsa ga mai tambaya kan littattafan zane masu baƙi da fari

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya me ya sa wasu suke fifita littattafan labari cikin zane waɗanda ba su da launi alhali ga masu kala nan birjik, sannan ka nemi a gaya maka waɗanda suka cancanci mutum ya kashe kuɗinsa a kansu. Na fi shekara goma ina karanta irin waɗannan littattafai, kuma ni ma da farko na ɗauka tsadar bugu ce kawai ta hana a sa musu launi.

Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato. A Japan, labaran zane da suke kira manga suna fara fitowa ne a mujallu masu kauri da ake bugawa a takarda mai arha, wasunsu duk mako, kuma mai zanen da ake jira ya kawo kusan shafi 20 cikin kwana bakwai ba shi da sararin shafa launi. To amma wannan larurar ce ta horar da masu zanen, domin idan aka ɗauke launi babu abin da ya rage a hannun mutum sai layin alƙalaminsa, da inda ya zuba tawada, da inda ya bar takarda fara. Duk wanda ya taɓa rubutu a allo ya san yadda kauri da sirantakar bakin alƙalami suke sauya kyan harafi ɗaya. Haka abin yake a nan, sai dai fuskar mutum ce ake rubutawa. Af, kuma yawancin manga daga dama zuwa hagu ake karanta su, saboda haka wanda ya saba da Larabci ko ajami ba zai sha wahalar da Turawa suke kuka da ita ba.

Littafin da ya sauya mini tunani shi ne Maus na Art Spiegelman, wanda ya fito a juzu'i biyu, a 1986 da 1991, ya kuma sami lambar yabo ta Pulitzer a 1992. Marubucin ya riƙa zama da mahaifinsa, Bayahuden Polan da ya tsira daga Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi na Jamus suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi, yana naɗar hirarsa a kaset, sannan ya zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa kuliyoyi, mutanen Polan kuma aladu. Fuskar ɓeran ɗigo biyu ne na idanu da ɗan layi, amma sai ka tsinci kanka kana karanta tsoro da gajiya a cikinta. Akwai wurin da iyayen marubucin suka fito suna neman mafaka ba su san inda za su nufa ba, sai ya zana hanyar da ke gabansu ta rarrabu da siffar tambarin 'yan Nazi. Na daɗe ina kallon wannan hoton kafin in iya juya shafi, kuma na tabbata da an cika shi da koren ciyawa da shuɗin sama, da ido bai kama wannan siffar da wuri haka ba.

Na biyu shi ne Palestine na Joe Sacco, ɗan jarida haifaffen Malta, wanda ya yi wata biyu a Gaɓar Yamma da Zirin Gaza daga ƙarshen 1991 zuwa farkon 1992, lokacin Intifada ta farko, wato boren Falasɗinawa ga mamayar Isra'ila. Salonsa kishiyar na Spiegelman ne, domin shi cika takarda yake da ƙananan layuka masu gittawa har sai ka ji sanyin ɗaki da danshin bango. Yakan zana kansa a gidajen mutane ana ta miƙo masa shayi yana rubuta abin da ya same su. Zanen da ya yi na sansanin 'yan gudun hijira na Jabaliya ya cinye shafi biyu, babu kalma ko ɗaya, sai laka da ruwa kwance da shara da jama'a kowa yana neman inda zai taka.

Persepolis na Marjane Satrapi, wanda aka fara bugawa da Faransanci tsakanin 2000 da 2003, labarin yarintarta ne a Iran lokacin juyin juya halin 1979 da yaƙin Iran da Iraƙi. Zanen ba shi da toka-toka ko kaɗan, baƙi ne wuluk da fari tas, kuma ta iya aiki da su ƙwarai. Sai dai wajibi ne in faɗa maka cewa ta zana Ubangiji da siffar mutum yadda take raya shi a zuciyarta tana ƙarama, abin da ya jawo zanga-zanga a Tunisiya a 2011 da aka nuna fim ɗin littafin a talabijin. Ni wannan ya dame ni, kuma ban yarda da duk ra'ayinta ba, saboda haka ka san da shi kafin ka yanke shawarar saye.

Daga Japan, ka nemi Barefoot Gen na Keiji Nakazawa, wanda yana ɗan shekara 6 a Hiroshima ranar da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, ya kuma fara zana labarin a 1973.

A ganina duk waɗannan na manya ne, kada a ga ɓeraye a bango a miƙa wa yara. Shawarata ka fara da Maus, domin shafukansa ba su da wuyar bi, sannan ka wuce zuwa Palestine. Shi wannan na biyun ka daure ka sami na takarda ko da aro ne, saboda na fara gwada shi a waya, fuskarta ta kasa ɗaukar zanen Jabaliya gaba ɗaya, sai da na riƙe littafin a buɗe a cinyata sannan na ga faɗin sansanin.