Ɗiyata na son jami'ar Katolika, kawunta ya hana

Tambaya: Ni mazauniyar Tawa ce. Ɗiyata ta ci bak bana, tana son karatun shari'a a jami'ar Katolika ta Abijan. Kawunta ya ce ba da yawunsa ba, wai 'yan mishan za su juya mata addini. Ni kuma sai na sayar da filina kafin kuɗin su isa. In tura ta?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka a bak ɗin. Mu fara da tsoron kawu, don ba a raina shi. Jami'ar da ɗiyarki ke nufi reshe ce ta UCAO, wato Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma, wadda bishop-bishop na Afirka ta Yamma suka kafa a 2000, tana da rassa a Bobo-Dioulasso, Bamako, Kwatano da Lome. Dokar da ke tafiyar da irin waɗannan jami'o'i, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1990, ta ce a mutunta 'yancin imanin kowa, shi kuma wanda ba Katolika ba ya mutunta tsarin gidan. Wato za ta ga gicciye a bango, za ta ji ƙararrawar coci, wataƙila a sa mata darasin ɗa'a, amma dokar ba ta ba kowa izinin tilasta mata shiga coci ba. A nan Yamai ma, wa ya cika azuzuwan Mariama, makarantar 'yan mishan, in ba 'ya'yan Musulmi ba? Da yawa cikinsu yau hajiyoyi ne, da carbinsu a hannu.

Abin da jami'o'in Katolika ke tinƙaho da shi kuwa shi ne ilimi don hidimar jama'a da tsayar da adalci, musamman ga talaka. A 1973 Pedro Arrupe, shugaban Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, ya ce burinsu su yaye mutanen da za su rayu don wasu. Magana ce mai daɗi, kuma ga mai son zama lauya ta dace. Sai dai takardar talla ba ta ƙin tawada. Ki sa ɗiyar ta nemo wata ɗaliba 'yar Nijar da ke can, ta tambaye ta a WhatsApp: ana kai su kurkuku ko kotu su ga yadda marar gata ke fama? Akwai inda Musulmi ke sallar azahar? Ana sassauta wa wanda kuɗinsa suka makara, ko a ranar jarrabawa ake tsayar da shi a bakin ƙofa? Amsar ta ukun nan ita na fi so ki saurara da kyau.

Ki kuma nemi shaida a rubuce cewa CAMES, hukumar da ke tantance difiloman jami'o'i a ƙasashen Afirka da dama, ta amince da difilom ɗin wannan fannin, ba sunan jami'ar kawai ba, domin fanni-fanni take tantancewa. 

Filin ne ban yarda ba. Lisansi shekara 3 ne, ga haya, ga abinci, ga kuɗin mota, kuma rayuwar Abijan ba ta wasa ba ce. Kuɗin fili kan ƙare a shekara ta biyu, a bar yarinya a tsakiyar kogi. Jami'ar Djibo Hamani da ke can Tawa tana koyar da shari'a. Ta yi lisansi a gabanki, in ta fito da maki mai kyau a yi maganar masta a Abijan, shekara 2 kacal. Kafin nan kawu ma ya huce.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Yamai. Tunda sun ce don talaka suke, ba su rage kuɗi?

Amsa: Ƙanena, jami'a ce mai zaman kanta, da kuɗin ɗalibai take biyan malamai. Ka rubuta wa ofishin rajista ka tambayi ko suna da tallafi da sharuɗɗansa, ka kuma leƙa ANAB, hukumar da ke ba ɗalibai bursi a Nijar, ka ji ko bursinsu na bin ɗalibi zuwa can, tun kafin ka biya ko dala.