Amsa kan ganuwar Sarki Offa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malam, na saurari muryarka, kana tambaya wai ashe Turawa ma suna da ganuwa, kuma wa ke kula da ita. To akwai, ni da ƙafata na taka ta a wajen garin Knighton na ƙasar Wales. Amma fa kada ka kawo irin ta Kano a ranka, mai zagaye birni da ƙofofi. Wannan tudun ƙasa ne dogo da rami a gefensa, ya bi iyakar Ingila da Wales. Ramin yana ta yamma, wato ɓangaren Wales, ka ga ke nan an san wanda ake tarewa.

Sunan Offa take ɗauke da shi, sarkin Marsiya (wata tsohuwar masarauta a tsakiyar Ingila), wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796. Kusan shekara ɗari bayan mutuwarsa wani malamin coci, Asser, ya rubuta cewa ya gina ta daga teku har teku. Abin da ake gani yau dai kamar mil 80 ne, kuma a gutsuttsure. Af, wannan Offa ɗin ne ya sa aka buga dinarin zinare da aka kwaikwayo na Halifa Mansur, da rubutun Larabcinsa da komai, sai aka manna sunan Offa a tsakiya a kife.

To batun kula. Dokar kare wuraren tarihi ta 1979 ce ke kare sassan da aka yi wa rajista a Ingila, Wales kuma yanzu tana da tata dokar ta 2023. Hukumar kula da wuraren tarihi ta Historic England ke lura da ɓangaren Ingila, takwararta Cadw kuma na Wales. Matsalar ita ce, yawancinta ta ratsa gonakin mutane ne. Gonarka ce, eh, amma ba ka isa ka haƙa ko ka baje tudun ba sai da izini a rubuce. Duk da haka a 2013 aka share kusan mita 45 kusa da garin Chirk na Wales. Da masana suka tona wurin, gwajin da suka yi ya nuna kamar wani sashen ma ya girmi Offa.

Ni abin da ya fi damuna ɓarnar da ba ta da ƙara ce. Tumaki sun kwanta sun kwashe ciyawa, ruwa ya zo ya zaizaye, ga sawun masu yawo, don tun 1971 aka buɗe hanyar ƙafa mai mil 177 da ke bin ta. Bari in turo hoto, ramukan da za ku gani a jikin tudun duk na zomaye ne.