Ku Tambayi Mai Laima: Majayi Kafin Linzami

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ware a wannan watan, dukansu a kan kujerar da mai shawagi da laima yake zama a ciki. Faransawan da nake zaune cikinsu a Grenoble suna ce mata sellette, wato ƙaramin sirdi. Ni ma sirdi nake ce mata, don na tashi a Damagaram a gidan da ake ɗaure doki, kuma ranar da na fara ganinta ban sha wahalar gane ta ba. Ga mazauni, ga majayi na cinya da na ƙirji, ga likkafa da ake takawa a ƙara gudu, ga linzami biyu a hannu. Bambancin kawai, wanda majayin dokinsa ya kwance ƙasa na kusa da shi.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne a Turkiyya. Na gama kwas ɗin farko a Oludeniz, na tashi sau 15 daga dutsen Babadag. Na ga ana sayar da sirdi na hannu a intanet, irin mai rufe ƙafafu kamar buhu, shekararsa 9, da laimar ceto a ciki, wadda ake jefawa in babbar laima ta gaza a sama, a rabin kuɗi. In saya? In na saya, yaya zan daidaita shi?

AMSA: Ƙanena, kada ka sayi wannan. Na san aljihun ɗalibi, na kuma san yadda irin sirdin nan yake ɗaukar ido in ka ga manya suna yanka iska da shi. Amma an yi shi ne don masu doguwar tafiya da suka kwana biyu a sama. Yana kwantar da mutum baya, in laima ta naɗe ta gefe guda ya fi saurin murɗa igiyoyi, kafin sauka sai ka nemi fito da ƙafafu daga buhun, sannan rufin gabansa yana ɓoye majayin cinya, har mutum ya ji kamar a ɗaure yake alhali bai ɗaure ba. Mai tashi 15 sirdin zaune yake bukata, mai katako a mazauni da kariyar baya mai kauri, ko ta soso ko ta jakar iska. Wannan kariyar ce take tsakanin ƙashin bayanka da ƙasa ranar da sauka ta zo a gurguje, kuma kowane ɗan koyo yana da irin wannan rana a gabansa.

Laimar ceton da ke ciki ma ba ragi ba ce. Kamfanoni da yawa shekara 10 suke ba ta, ko da ba a taɓa jefa ta ba. Ka ga saura shekara guda ke nan, kuma ba ka san ko a ɗaki mai danshi ta yi sauran shekarun ba. Araha ba ta ado.

Ba na hana sayen na hannu, sirdina na farko ma kwance ne. Sai dai ka je da malaminka, ku gani da ido. Ku nemi tambarin EN 1651 a jikinsa, shi ne gwajin ƙarfin sirdi na Turai, laimar ceto kuma EN 12491. Ku bi maɗauran da yatsa tun daga inda ƙugiya take shiga har ƙarƙashin katako, don a gefen katakon ne suka fi gogewa, kuma nan ne ido ba ya kaiwa. In ka ga zare ya yi gashi-gashi, ko launi ya koɗe saboda rana, ko wani ɗinki da ba na kamfani ba, mayar masa da abinsa. Ƙugiyoyin nan biyu da suke haɗa ka da laima, waɗanda muke kira karabina, sababbi za ka saya ko da na jiki suna sheƙi. Na alminiyom suna gajiya daga ciki ba tare da alama ba, shi ya sa galibin masu ƙera su suke cewa a canza bayan shekara 5 ko awa 500 na tashi. Wa zai gaya maka awa nawa na gwanjo suka yi?

To, daidaitawa. Ba a sama ake yin ta ba. Kowace makarantar kirki tana da ƙarfen rataye sirdi. Ka rataye shi ta ƙugiyoyinsa, ka zuba jakarka a aljihun baya kamar yadda za ka tashi, ka sa rigar sanyinka, ka zauna. Fara da jingina: kada ka kwanta baya har ka riƙa ɗaga wuya kana neman gabanka, kada kuma ya tura ka gaba kamar zai zubar da kai. Maɗauran kafaɗa, in ka miƙe tsaye su ɗan taɓa ka amma kada su tanƙwara ka. Majayin cinya ka ja shi har sai tafin hannunka a shimfiɗe ne kawai yake shiga. In ya yi sako-sako, bayan ka tashi za ka tsinci kanka a rataye ka kasa shiga mazauni, kuma a nan ne sababbi suke kama gefen sirdi da hannu biyu suna ture kansu ciki alhali linzami na hannunsu. Jan linzami biyu har ƙugu kana kusa da dutse yana iya tsayar da laima ta faɗo. Ka koyi shiga mazauni da ɗaga gwiwoyi kawai, tun kana rataye a ƙarfen nan, har ya zama jiki.

Majayin ƙirji ka auna shi da ma'auni, kada ka yi kirdado. Tazarar da ke tsakanin ƙugiyoyin biyu ita ce abin lura, kuma a gwajin laima tana kamawa daga kusan santimita 40 ga marasa nauyi zuwa 48 ga masu jiki. Littafin laimarka zai faɗa maka taka. In ka matse da yawa za ka ji daɗin natsuwa, amma murɗewar igiyoyi ta fi kusa. In ka buɗe da yawa kowane motsin iska zai jijjiga ka, in gefe guda ya naɗe ka zube can. Likkafa kuwa, igiyarta ta zama da ɗan rara, don kada ta riƙa jan gaban laima kai ba ka taka ba.

Kafin ka sauko daga ƙarfen, ka ja mariƙin laimar ceto da hannu ɗaya, ka ga ta fito. Bai kamata ya nemi ƙarfin da ya wuce na ɗaga kilo 7 ba. Wanda ya ƙware ne zai sa maka ita a sirdi, don ba kowace laima ce take shiga kowane aljihu ba, kuma a buɗe ta ta sha iska a sake naɗe ta duk wata 6, ko yadda littafinta ya ce. Ni duk tashin da na yi, da zarar na yi nisa da dutse sai na kai hannu na taɓa mariƙin sau ɗaya. Ranar bukata ido zai rufe, hannu ne zai tuna hanya.

Yanzu abin da ya fi duk waɗannan. A shekarata ta uku da fara tashi, ina kan filin Saint-Hilaire-du-Touvet, wanda yake kallon filin sauka na Lumbin kusan mita 700 a ƙasa. Na shirya tsaf, sai iska ta juya. Muka zauna jira, zafi ya dame ni, na ɓalle majayin cinya na bar na ƙirji, don sirdina na lokacin tsohon yayi ne, kowanne da maɓallinsa daban. Bayan rabin awa iska ta dawo, mutane suka fara layi, na miƙe da sauri na ɗauki linzami. Wata dattijuwa mai furfura da ke bayana ta daka mini tsawa ta riƙe jakata. Na duba ƙasa, ga majayi biyu suna lilo tsakanin ƙafafuna. Da na yi taku biyar, da hammata kawai zan rataya, kuma hannun ɗan Adam ba ya daɗewa a haka. Mutane da dama sun rasu ta wannan hanyar, cikinsu har da ƙwararru, shi ya sa sirdunan yanzu suke haɗa maɓallin cinya da na ƙirji. Ranar ban tashi ba. Na naɗe kayana na sauko, jikina na rawa har dare.

Tun daga nan nake da ƙa'ida biyu, ina roƙonka ka ɗauke su. Sirdi ko dai a ɗaure yake duka, ko a tuɓe yake duka, babu rabi. Sannan kafin kowane tashi ina ƙirga biyar da baki ina taɓawa da hannu: jikina (wato majayin cinya, na ƙirji, hular kwano, ƙugiyoyi a kulle da mariƙin ceto), igiyoyi, laima, iska, sararin gabana. In wani ya yi mini magana a tsakiya, ko sallama ce, na amsa na koma ɗaya. Za ka ji masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

TAMBAYA: Malam, ni budurwa ce daga zangon Kumasi. Ƙawayena za su je bikin laima na Kwahu lokacin Ista, ina so a ɗauke ni a tashi da ni. Ina sa hijabi da doguwar riga. Zai yiwu? Me zan duba don kada in faɗo?

AMSA: Zai yiwu, 'yar'uwa, kuma na ji daɗin wasiƙarki. Bikin nan tun 2005 ake yin sa, ana tashi daga dutsen Odweanoma a Atibie a sauka a filin wasa na Nkawkaw, matuƙi yana baya fasinja yana gaba, kowa da sirdinsa, an haɗa su a laima guda.

Majayi ta tsakanin ƙafafu yake bi, don haka zani ko siket ba za su yi ba. Ki sa wando mai kauri da riga mai kaiwa gwiwa wadda ba za ta hana ki gudu ba, da takalmi sau-ciki mai igiya. Hijabi ƙarami za ki sa, ki cusa bakinsa cikin riga, hular kwano ta hau kai. Dogon hijabi ko gyale iska za ta watsa shi a fuskar matuƙi ko cikin igiyoyi, allurar ɗaura kallabi kuma ki cire ta. Ki sani matuƙi zai kasance dab da bayanki har ku sauka. In wannan zai dame ki, ki tambaya tun a wurin rajista ko akwai mace cikin matuƙan.

Bayan an ɗaure ki, ki sa hannu ki ja majayin cinyar dama, na hagu, na ƙirji, ki duba ƙugiyoyi biyu da suka haɗa ki da shi. Ki ce masa ya sake dubawa a gabanki. Matuƙin kirki ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuwa ki bar shi ki jira wani. In ya ce gudu, ki yi ta gudu har sai ƙafafunki sun daina taɓa ƙasa. Kuskuren da na fi gani a wurin fasinjoji shi ne zama da wuri: da sun ji laima ta ɗan ɗaga su sai su naɗe ƙafa, nauyi ya mayar da su ƙasa a bakin gangare. Wajen sauka ki bi abin da ya faɗa miki tun a sama, wani zai ce ki miƙe ki taka, wani zai ce ki ɗaga ƙafa, gwargwadon iskar ranar. Ki ci abinci kaɗan kafin ki hau dutsen, kada ki je da yunwa, kada kuma ki cika ciki. Allah Ya kai ki lafiya, ki rubuto mana yadda Nkawkaw take daga sama.

TAMBAYA: Alhaji, na dawo Yamai da kayana daga Faransa, zan yi wata 8 ban tashi ba. Yanzu suna but ɗin mota. Akwai matsala?

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, fito da su yau. But ɗin mota a ranar Yamai tanda ce, zafi yana cin soso da maɗauri, ga fetur da ruwan batir da suke lalata nailan ba tare da ka ga tabo ba. Ka kai su ɗaki mai inuwa, a bisa kanta, nesa da ƙasa saboda gara da ɓera, ka kuma tabbata babu guntun biskit ko dabino a aljihu. Kada ka danne sosan baya ko ka ɗora masa kaya, in ya daɗe a matse ba ya komawa yadda yake. In sirdin ya yi datti, cire laimar ceto tukuna, ka goge da ruwa da sabulu marar ƙarfi, ya bushe a inuwa. Babu injin wanki, babu shanya a rana. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai ta hana su kullewa sosai, don haka ka hure su, ka danna kowanne ka ji ƙararsa. Ranar da za ka koma tashi, kafin ka je dutse ka kai sirdin wurin masu duba kaya, a sake naɗe laimar ceton, ka rataya a ƙarfe ka sake auna majayin ƙirji da na cinya, don wata 8 na tuwon gida yana canza ƙugun mutum.