Ko alamar RFID za ta mayar da kuɗinta a siton shinkafa?

Alhaji, ka ce buhuna na ɓacewa a sitonka na Argungu tsakanin lodi da saukewa, shin RFID, wato 'yar alamar da ake liƙa wa kaya na'ura ta riƙa karanta ta da siginar rediyo, za ta biya kanta?

Fara lissafa asararka ta wata: buhu nawa mai kilo 50 ke salwanta, da ladan masu ƙirga. Sannan haɗa kuɗin alamomi, na'urar karantawa ta bakin ƙofa, manhaja, da sola saboda ɗauke wuta. Raba jimillar da abin da za ka tsirar duk wata, ka samu watannin da jarinka zai dawo.

Kada a liƙa wa kowane buhu alamar. Domin in ya fita, alamar ta bi shi ke nan. A sa a katakon ɗora kaya mai dawowa. Ƙarfe da danshi na raunana siginar rediyo ta UHF da ake karanta alamar da ita, don haka a gwada cikin tirela da damina tukuna.