Amsar Goggo: jinin da kike gani bayan saduwa

Ɗiyata, na ga saƙonki. Kin ce wata huɗu da tarewarki, har yanzu kina ganin jini bayan kun sadu da maigidanki, kuma an ce miki ragowar budurci ne, ki riƙa zama cikin ruwan bagaruwa. Kina tambaya ko haka al'ada take.

Babu wani abu wai shi ragowar budurci. Tantanin budurci ɗan siririn nama ne a bakin farji. Idan ya tsage a daren farko, ɗigo kaɗan ne, kwana ɗaya ko biyu ya tsaya. Mata da yawa ma ba sa ganin komai, kuma budurcinsu lafiya lau. Masu duba farin ƙyalle sun sha zaluntar 'ya'yan mutane a kan haka. Jinin da ya kai wata huɗu ana ganinsa kuwa, wani dalili gare shi.

Sau da yawa bushewa ce. In aka yi gaggawa kafin jiki ya jiƙe, fatar ciki takan kurje. Mai shayarwa da wadda haila ta ɗauke mata sun fi fama da wannan. Nan ne nake jin haushin kayan matsi. Alimun da bagaruwa da ƙulle-ƙullen da ake cusawa tsotse danshin wurin suke yi, fata ta ƙanƙance, da an taɓa ta tsage, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Ki daina su gaba ɗaya. Ki sayi man santsi mai ruwa-ruwa a kemis, irin KY Jelly, shi kuma maigida ya rage hanzari.

Sai ciwon sanyi, wanda ke kumbura bakin mahaifa. Yakan zo da farin ruwa mai wari, zafin fitsari ko ciwon mara, wani lokaci kuma shiru, sai jinin kawai. Ku biyu za a yi wa magani, ku kuma haƙura da juna kwana 7 ko har maganin ya ƙare, in ba haka ba ya sake mayar miki. Akwai kuma ɗan tsiro a bakin mahaifa da ake cirewa cikin mintuna, da laushin fatar wurin ga mai shan ƙwayar tazarar haihuwa.

Abin da ya sa ba a sakaci shi ne sankarar bakin mahaifa, wadda wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke jawowa. Sau da yawa wannan jinin ne alamarta ta farko, tun babu ciwo. A shekarunki da wuya ita ce, amma sai an duba. Gwajin ba wuya: a sa ƙarfen buɗawa, a shafa ruwan khal, a ga ko wurin ya yi fari. Ƙannenki 'yan shekara 9 zuwa 14 kuma a kai su rigakafin HPV da aka fara a Najeriya a 2023.

Ki je asibiti cikin makon nan, ki nemi likita mace in kunya ce ta hana ki. Amma in audugar mata tana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya, ko jiri, ko zazzaɓi, ko kin yi ɓatan wata ga ciwo a gefe ɗaya na mara, ko da tsakar dare ne a fita da ke. Kuma duk wanda ya kawo zancen wanzami da yankan gishiri, ki ce Goggo ta hana. Yoyon fitsari yake jawowa.