Shin har yanzu ana kashe masu laifi a Kamaru da Chadi?

Malam, ka tambaya ko hukuncin kisa yana nan a ƙasashen biyu, kuma ko yana hana ta'asa. Ni a Kusiri ta Kamaru nake, kogi kawai ya raba mu da Injamena, babban birnin Chadi, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Chadi ta soke shi gaba ɗaya a 2020. Kafin nan, a watan Agustan 2015, an harbe 'yan Boko Haram 10 bayan hare-haren da aka kai Injamena. To, hare-hare a yankin Tafkin Chadi sun tsaya? Ko kusa. Wanda ya ɗaura bam a cikinsa ai ba bindigar gwamnati yake tsoro ba.

A nan Kamaru hukuncin yana cikin doka, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014 ma ta ƙara masa faɗi, kotun soja a Marwa ta yanke wa mutane da dama. Amma rabon da a zartar tun 1997. Sai mutum ya tsufa a kurkuku, bai mutu ba, bai rayu ba. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ɗanta ke ciki. Duk wanda ya dawo daga tafiya, sai ta tare shi da kwanon gyaɗarta a ka, ta tambaya ko ya ji wani labari.

Ni ba na musun ƙisasi, yana cikin Alƙur'ani. Sai dai ayar ta buɗe ƙofar afuwa da diyya, kuma shaida sai ta tabbata. Inda talaka bai da kuɗin lauya, shari'ar ma da Faransanci ake yi yana zare ido, gaskiya hankalina bai kwanta da a kashe shi ba.